Kuɗin Wuta: Wa Ke Jin Kiran Farashi a Samaru da Sabon Gari?

Duk wanda ya taɓa yin cefane a kasuwar Sabon Gari ya san yadda farashi ke magana da mai saye. In damina ta faɗi, tumatirin lambu ya ƙare, kwando ya yi tsada, ba sai wata hukuma ta yi shela ba. Uwargida za ta taya, ta ji abin da aka ce, ta juya ta nufi wajen masu kauɗa, ko kuwa gidan ya koma miyar kuka har zuwa lokacin da kaya za su wadata. Da masu juyawa sun yi yawa, sai mai kaya ya sassauto da kansa. Wannan ita ce ƙa'idar da akan fara koya wa ɗalibin ilmin tattalin arziki tun yana aji ɗaya, watau abu ya yi tsada a rage saye, ya yi araha a ƙara.

To, tambayar da muke so mu tattauna a wannan fitowa ita ce, shin wutar lantarki ma haka take? Ba don jin daɗin gardama muka ɗauko zancen ba. Ranar 3 ga Afrilu, 2024, hukumar NERC, wadda ke tsara harkar lantarki a ƙasar nan, ta ɗaga kuɗin yunit ɗaya ga rukunin da ake kira Band A daga wajen naira 68 zuwa naira 225, kafin daga baya a ɗan rage shi ya koma naira 200 da 'yan kai. Manyan jami'o'i da asibitocin koyarwa suna cikin waɗanda abin ya faɗa wa, har shugabanninsu suka fito fili suna kukan cewa takardar wutar wata ɗaya ta kai ɗaruruwan miliyoyi. A Jami'ar Benin sai da aka rufe makaranta cikin watan Yuli na 2024, bayan ɗalibai sun yi zanga-zanga a kan rashin wuta. Duk kuɗin da ya tafi ga wuta kuwa, kuɗi ne da bai tafi ga littattafan laburare ko kayan ɗakin gwaje-gwaje ba, kuma ko ba daɗe ko ba jima zai biyo mu ta hanyar kuɗin rajista. Saboda haka maganar tamu ce.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu san inda ake yanke wa wuta farashi tun daga tushe. Kamar yadda hatsi ke da kasuwar sari, inda manyan 'yan kasuwa ke saye buhu-buhu kafin ya iso ga mai awo da tiya, haka ita ma lantarki take da tata kasuwar sarin. A ƙasashen Turai da wasu jihohin Amurka, masu tashoshin samar da wuta sukan kawo tayinsu na kowace sa'a, kowa ya faɗi yawan wutar da zai bayar da kuɗin da yake so. Sai a jera su, a fara da masu araha, kamar na hasken rana da na iska, a yi ta ɗauka har bukatar wannan sa'ar ta cika. Tashar da aka ɗauka a ƙarshe, wadda ta fi duk waɗanda aka ɗauka tsada, ita ce ke yanke farashin sa'ar ga kowa. Shi ya sa da tsakar dare, lokacin da gari ya yi barci, wuta kan yi araha. Da almuru kuwa, lokacin da kowa ya koma gida ya kunna kayansa, dole a tayar da tashoshi masu tsada, farashi ya ninka.

Amma fa akwai bambanci iri biyu tsakanin wuta da hatsi. Na farko, wuta ba ta da rumbu. Abin da aka samar a wannan daƙiƙa, a cikinta za a sha shi. Batura suna ajiye kaɗan, kuma da tsada. In masu sha suka fi ƙarfin abin da ake samarwa, aka yi sake, sai babban layin ƙasa ya durƙushe gaba ɗaya, kamar yadda muka sha gani a 2024. Don haka masu kula da layin, waɗanda cibiyarsu take Osogbo, zaɓi biyu kawai suke da shi a kowane lokaci, ko dai su ƙara wuta, ko su rage masu sha.

Bambanci na biyu shi ne, mai sayen wuta ba ya ganin farashi a lokacin da yake saye. Uwargida sai ta ji kuɗin tumatir kafin ta kwance bakin zane. Mai danna makunni kuwa ba wanda ke gaya masa cewa wannan sa'ar ta fi waccan tsada, sai ƙarshen wata a kawo masa takarda wadda ta haɗa komai da komai a kan farashi guda. Wannan ne ya sa masana suka daɗe da lura cewa, a gajeren lokaci, bukatar wuta ba ta cika motsawa ba kome hawan farashin sari.

Duniya ta ga illar haka. A jihar Kalifoniya ta Amurka, cikin 2000 da 2001, farashin sari ya ninka sau da yawa, alhali doka ta daskarar da kuɗin da mafi yawan gidaje ke biya. Jama'a suka ci gaba da shan wuta kamar ba abin da ya faru, aka shiga yanke wa unguwanni wuta bi da bi, kuma babban kamfanin raba wuta na jihar, PG&E, ya bayyana karyewarsa a Afrilun 2001. 'Yan kasuwa irin su kamfanin Enron suka ci kasuwarsu, domin duk inda mai saye ba ya iya juya baya, mai kaya ne sarki. Shekara ashirin bayan haka, a Fabrairun 2021, jihar Texas ta gwada ɗaya gefen. Sanyi mai tsanani ya kashe tashoshi, farashin sari ya kai dala 9 a kan yunit ɗaya har tsawon kwanaki, kuma gidajen da yarjejeniyarsu ta ce a caje su da farashin sari kai tsaye suka wayi gari da bashin dubban daloli. Darasin da ke ciki a fili yake. Ɓoye wa mai saye farashi ɗungurungum ɓarna ne, zuba masa shi ɗanye kuma zalunci ne. Ko da farashi ya yi aiki ma, a hankali yake yi. A 2022, da tsadar iskar gas ta addabi Turai, bukatar wuta a Tarayyar Turai ta ragu da wajen kashi 3 cikin 100 kacal, kuma masana'antu ne suka ɗauki babban kaso na ragin.

Yanzu bari mu dawo gida. An kafa NEPA a 1972. Dokar 2005 ta rarraba ta, sannan a Nuwamban 2013 aka miƙa kamfanonin samarwa da na rabawa ga 'yan kasuwa. Tun daga nan, tashoshi irin su Kainji, Jebba da Shiroro masu aiki da ruwa, da Egbin mai aiki da iskar gas, su ke samarwa, kamfanin TCN ya ɗauko ta kan manyan layuka, sannan kamfanonin rabawa su kawo mana gida. Mu nan Zariya muna ƙarƙashin Kaduna Electric, wanda ke kula da jihohin Kaduna, Sakkwato, Kebbi da Zamfara. Sai dai kasuwar sarinmu ba irin ta ciniki sa'a-sa'a ba ce. Yarjejeniyoyi ne na dogon lokaci, yawancinsu ta hannun kamfanin gwamnati mai suna NBET, wanda aka kafa a 2010 don ya saya a dunƙule ya sayar wa masu rabawa, ita kuma NERC ta yanke abin da jama'a za su biya.

Mafi yawan wutar ƙasar nan daga iskar gas take, gas kuwa da dala ake lissafa kuɗinsa. Da aka saki naira a Yunin 2023, ta faɗo daga wajen 460 a kan dala ɗaya zuwa fiye da 1,500 a farkon 2024, sai kuɗin samar da kowane yunit ya yi sama, alhali abin da yawancin jama'a ke biya yana nan inda yake. Gwamnati ta ɗauki alkawarin cike giɓin, wanda ya haura naira tiriliyan ɗaya a 2024 kaɗai. Biyan kuwa ba ya zuwa a kan kari, sai bashi ya taru, masu gas su ja hannu, tashoshi su tsaya. Shi ya sa ƙasar da ke da tashoshi masu ƙarfin wajen megawat 13,000 take raba 4,000 zuwa 5,000 ga mutane fiye da miliyan 200. A taƙaice, aikin da farashi ke yi a wasu ƙasashe, na daidaita bukata da abin da ke akwai, a wurinmu duhu ne ke yin sa.

Duhun kuma ba daidai ake raba shi ba. Tun Nuwamban 2020 aka kasa masu shan wuta rukuni biyar, inda aka yi wa Band A alkawarin sa'a 20 a rana, B sa'a 16, C sa'a 12, D sa'a 8, E kuma sa'a 4. NERC ta ce Band A kashi 15 cikin 100 ne na masu saye, amma su ke shan wajen kashi 40 na wutar. Daga Afrilun 2024, yunit ɗin da aka kai wa Band A ya fi wanda aka kai wa sauran rukunai kawo kuɗi har wajen ninki uku. Ba ma zargin kowa da mugunta a nan, lissafi ne kawai, domin duk ɗan kasuwar da kayansa ba su isa kowa ba, inda aka fi taya masa zai fara kaiwa, saura su jira abin da ya rage.

To, yaya masu saye suka amsa wannan ƙari? In muka duba kewayenmu za mu ga kashi uku. Kashi na farko sun yi ƙorafi amma sun zauna, domin abin da za su koma gare shi ya fi tsada. Lita ɗaya ta man dizal takan ba da yunit 3 ko ɗan fiye, litar kuwa ta wuce naira 1,000 a 2024, watau yunit ɗin janareta ya haura naira 300 tun ba a sa kuɗin gyara ba. Man fetur ma, tun da aka janye tallafi a Mayun 2023, ya daina zama mafaka. Asibiti ba zai kashe ɗakin tiyata don wuta ta yi tsada ba, haka ma ɗakin bincike da ke ajiye irin shuka ko magani a firji. Kashi na biyu su ne masu hali, waɗanda suka hau rufin gidajensu da shagunansu suka shimfiɗa sola, suka rage hulɗa da layin gwamnati. Kowa ya bi titin Sakkwato daga Kwangila zuwa Samaru zai ga yadda faifan sola suka yawaita. Wannan amsa ce ta gaskiya ga farashi, sai dai tana da wutsiya, domin in masu biya a kan kari suka fice, nauyin kula da turaku da taransifoma zai koma kan 'yan kaɗan da suka rage. Kashi na uku kuwa su ne waɗanda kiran farashi bai taɓa isa kunnensu ba. Wajen rabin masu shan wuta a Nijeriya ba su da mita, ƙiyasi ake yi musu. Mutumin da ya san ko ya kashe ƙwai ko ya bar shi takardarsa ɗaya ce, me zai sa ya tashi ya kashe? Ba ya ganin ribar tattali, don haka ba ya yi.

Amma duk wanda ya ce mutanenmu ba sa iya sauya lokacin shan wutarsu, bai zauna a Samaru ko Sabon Gari ba. Mun san mai walda a Muciya da ke barin gadonsa ƙarfe biyun dare don wuta ta dawo, ya ƙarasa ƙofar da ya yi alkawari. Mun san mai injin markaɗe a Hayin Dogo da ke aika yara gida-gida su sanar cewa an kawo wuta, mai niƙa ya fito da nasa. Mai ƙanƙara, da tela, da mai guga, da masu buga takardu a bakin ƙofar jami'a, dukkansu sun daɗe da tsara barcinsu da aikinsu bisa zuwan wuta da tafiyarta. Abin mamakin shi ne, wannan hali da muke ɗauka wahala ce kawai, a wasu ƙasashe haja ce mai daraja, sayenta ake yi. Tun 1978 Ingila take da tsarin Economy 7, inda wutar sa'a bakwai na dare take araha don jama'a su mai da manyan ayyukansu can. Faransa tana da tsarin Tempo, wanda ya kasa kwanakin shekara launi uku, shuɗi da fari da ja, a sanar da mutum tun jiya cewa gobe ranar tsada ce. A hunturun 2022 zuwa 2023 har biyan gidaje aka yi a Birtaniya don su rage shan wuta a sa'o'in cunkoso. Abin da ake lallashin Bature da kuɗi ya yi, shi ne mai waldan Muciya yake yi kullum, a kan tilas, ba sanarwa, ba lada. Yunit ɗin da ya sha ƙarfe biyun dare da wanda wani ya sha ƙarfe takwas na yamma, kuɗinsu ɗaya.

Kada kuma mu tsaya nuna wasu da yatsa mu manta da kanmu, domin laifi tudu ne. In ana neman misalin mai shan wutar da bai san farashi ba sam, to mu ne ɗaliban da ke kwana a Suleiman, Amina, Ribadu, Danfodiyo da sauran ɗakunan kwana. Ba mu taɓa ganin takardar wuta ba. Mukan bar ƙwai a kunne rana tsaka, fanka tana juyawa a ɗakin da ba kowa, hita a cikin bokiti har ruwan ya kusa ƙonewa. Mu yi ɗan lissafi. Rishon lantarki mai wat 1,000 yana cin yunit ɗaya a sa'a. Mu ƙaddara guda 1,000 ne ake kunnawa na sa'a biyu kowace yamma. Yunit 2,000 ke nan, watau fiye da naira 400,000 a dare ɗaya bisa farashin Band A, fiye da naira miliyan 12 a wata. Kuma a daidai sa'ar da layin ƙasa ya fi shan wuya muke yin sa. Mun san ɗalibi ba don gata yake dafa wake a ɗaki ba, tsadar abinci da ta kananzir ce ta kai shi. Amma sanin uzuri bai hana sanin lissafi ba.

Muna sane da cewa wani zai ce, ai tsadar yamma talaka za ta fi dama, tun da lokacin ne yake bukatar haske don 'ya'yansa su yi karatu. Wannan magana tana da nauyi, kuma amsarta ita ce a kare ƙaramin mai sha. Dama akwai tsarin rangwame na naira 4 a yunit ga gidan da bai wuce yunit 50 a wata ba, sai a tabbatar yana isa ga masu shi. Bambancin sa'a kuwa a fara shi da manya, watau masana'antu, injinan niƙa, gidajen ƙanƙara da manyan makarantu, kuma ya zama farashi biyu ko uku sanannu da aka buga tun da wuri, kada a maimaita abin da ya faru a Texas. Wani kuma zai ce, ina amfanin arahar dare in babu wutar? Shi ma ya yi gaskiya. A Oktoban 2024, da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sannan layin da ke biyowa ta Binuwai ya samu matsala, Arewa ta kwashe fiye da mako guda cikin duhu, kuma babu farashin da zai iya tayar da turken da aka kayar. Ba mu ce tsarin farashi zai maye gurbin sababbin tashoshi da layuka ba. Abin da muke cewa shi ne, ɗan abin da muke da shi yana iya isar mutane fiye da yadda yake isa yanzu, in aka rage cunkoson yamma aka mai da wasu ayyuka lokacin da layi ke da sarari.

Bisa ga haka, muna da kira guda uku. Na farko ga hukuma. Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, don haka muna roƙon NERC da gwamnatin jiha su sa maganar mita a gaban kowane sabon ƙari, kuma mitar ta zama mai sanin lokaci. A buga jadawalin zuwan wuta unguwa-unguwa, a kuma riƙe shi, yadda mai sana'a zai san daren da zai yi aiki da daren da zai yi barci, ya kuma samu rangwame a kan wutar dare.

Na biyu ga shugabannin jami'armu. Muna ba da shawarar a sa wa kowane ɗakin kwana da kowace tsangaya mitarsu, a riƙa liƙa abin da kowa ya sha a allon sanarwa duk wata. Ayyukan da za su iya jira, kamar tura ruwa cikin manyan tankuna, a mai da su lokacin da layi ya yi sauƙi. Ɗakin kwanan da ya rage shansa, a mayar masa da wani kaso na abin da aka tsimi ta hanyar gyaran famfo da banɗaki, don kowa ya ga ribar tattali da idonsa. Muna da ɗaliban injiniyan lantarki da na tattalin arziki da ke neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai, ga aiki nan a ƙofar ɗakinsu.

Na uku gare mu. Ƙungiyar ɗalibai ba ta da bakin neman a rage mana kuɗin rajista alhali muna ƙona miliyoyi a ɗakunan da ba kowa. Shugabannin ɗakunan kwana su kira taro, a yarda a kan lokutan girki da guga, a haɗa tukunya inda zai yiwu, kuma wanda ya fita ƙarshe ya kashe ƙwai da fanka. In muka yi haka na zango ɗaya, mita ta nuna bambanci, to ranar da wakilanmu za su zauna da hukumar makaranta a kan maganar kuɗi, za su shiga da alƙaluma a hannu, kuma lalle za a saurare su. Da fatan za mu fara tun daga daren yau.